Ranar da Saba Ta Ce Babu Maganin Maciji

Shekaru sun ja, amma ban manta da wata safiya ta daminar 1999 ba, ranar da kwamfutarmu ta ce wa Sista Rahila babu maganin maciji. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna cewa na cika mita a kan saƙon kuskure. To, ga mafarin mitar.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar lafiya mai zaman kanta. Babban sitonmu na magani yana Gusau, sai ƙananan asibitoci biyu, ɗaya a Tsafe ɗaya a Bungudu. Ni ne jami'in kwamfuta, ni kaɗai, babu mataimaki. A ofishin Gusau muna da kwamfuta biyu. Ta farko ita muke kira saba, ita ke karɓar tambaya daga nesa ta mayar da amsa. Ta biyu ita ke riƙe da bayanin magungunan da ke sito. Ma'aikacin Tsafe ko Bungudu zai haɗa tasa kwamfutar da layin tarho, ya jira wannan ƙara mai kama da kukan gyare, shafi ya buɗe, ya rubuta sunan magani. Sai saba ta tambayi 'yar'uwarta, ta kawo masa amsa. A Zamfara ta wancan lokaci wannan abin kallo ne, har baƙi kan leƙo ofis don su gani da idonsu.

Manhajar da ke kan saba wani ɗan kwangila ne daga Kaduna ya rubuta ta kafin a ɗauke ni. Tana aiki, ba wanda ya taɓa kawo ƙararta.

Ranar, da hantsi, tarho ya yi ƙara. Manajanmu, Alhaji Garba, ya tafi Tsafe da motar ofis, don haka ni na ɗauka. Sista Rahila ce, nas ɗin da ke riƙe da asibitin Bungudu, 'yar Filato, mace mai sanyin magana.

"Malam Sanusi, a turo mini mota yanzu. An kawo wani manomi, kububuwa ta sare shi wajen noma, har dasashinsa ya fara jini. Tawa allurar ta ƙare, na duba kwamfuta ta ce Gusau ma babu. Sakkwato zan kai shi."

Malam Lawali mai kula da sito yana tsaye kusa da ni. Na rufe bakin tarho na tambaye shi.

Ya ce, "Mi? Maganin maciji? Ai ga shi can cikin firij, da hannuna na jera shi."

Na ce, "Sista, kada ki kai shi ko'ina. Akwai. Ga ni nan tafe."

Malam Lawali ba shi da ikon barin sito, mota kuma ba ta nan. Ya saka kwalaben a kula, ya zuba ƙanƙara, muka ɗaure ta a bayan babur ɗina da roba. Na kama hanyar Bungudu, gero ya yi kore shar hagu da dama, ni kuwa ba gona nake kallo ba, ramukan da ruwa ya cika nake kauce wa. Da na isa na tarar da Sista a bakin ƙofa. Ko gaisawa ba mu yi ba ta kwance kular ta shige.

Na zauna a benci tare da 'yan'uwan mutumin. Matarsa na gefe da goyo, tana ta salati. Sai bayan azahar Sista ta fito tana share gumi ta ce jini ya fara tsayawa. Yayan mutumin ya kama hannuna da hannu biyu yana ta sa albarka, yana ce mini likita. Na ce masa ni ba likita ba ne, bai ma saurare ni ba.

Kafin in tafi Sista ta ja ni gaban kwamfutarta. Amsar tana nan a fuskar allo, kalmomin Turanci masu nufin ba a samu komai ba.

Ta ce, "Da ban nemi mota ba, da yanzu muna hanya. Ka gaya mini, in yarda da abin nan ko in daina?"

Na ce ta ba ni mako guda.

Da na koma Gusau na gano abin da ya faru. An ɗauke wuta da safe, da aka tada janareta saba ta tashi, amma kwamfuta ta biyu ba ta tashi ba. Saba ta yi tambaya, ba ta ji amsa ba, sai ta ce babu. Na buɗe manhajar na karanta, sai na ga haka aka gina ta: ko mutum ya yi kuskuren rubutu, ko maganin ya ƙare da gaske, ko na'ura ce ta mutu, amsa ɗaya ce. Kamar ka tambayi mai gadi ko maigida na ciki, bai tashi ya duba ba ya ce maka ba ya nan.

Alhali a ƙa'idar yanar gizo kowace matsala da lambarta. Idan tambayar ce ba ta yi daidai ba, 400. Idan ba ka da izinin ganin abin, 403. Idan an duba ba a samu ba, 404. Idan kuma saba ce da kanta ta gaza, 500, ko 503 idan na ɗan lokaci ne. 'Yan ɗari huɗu na nufin matsalar daga wajen mai tambaya take, 'yan ɗari biyar kuwa daga gidan mai amsa.

Na sake tsarin. Na yi wa kowane kuskure suna da lamba, na sa duk su bi ta ƙofa ɗaya kafin su fita. A ƙofar nan ake ajiye cikakken bayanin abin da ya lalace, don ni, sannan a aika wa ma'aikaci gajeren saƙo da Hausa da Turanci. Na kuma raba "maganin ya ƙare", wanda amsa ce ingantacciya, da "ba mu iya dubawa ba".

Da na nuna wa Alhaji Garba, ya karanta saƙon 503 da ƙarfi: "Matsala daga wajenmu take a Gusau. Ba mu iya duba sito ba. Wannan ba ya nufin babu magani. Ku kira mu ta tarho."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Sanusi, yanzu na'ura za ka sa ta riƙa tona mana asiri? Masu ba mu tallafi su zo su ga an rubuta matsala daga wajenmu take?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, idan ba mu faɗa ba, nas za ta ɗauka maganin ne babu."

Ya juya tabaran a hannu. Shi ma ya riga ya je Bungudu ya ga mutumin a kwance, ƙafa a kumbure. Ya ce, "Bar shi haka. Amma ka ƙara 'ku yi haƙuri' a farko. Ba a faɗa wa mutum maganar da ba ta da daɗi babu ladabi."

Gwajin farko a Tsafe muka yi. Na ce wa Malam Lawali ya kashe kwamfuta ta biyu da gangan bayan la'asar, ni kuma na zauna kusa da Malam Bello mai ba da magani ban gaya masa komai ba. Ya rubuta sunan wani maganin zazzaɓi, saƙo ya fito. Ya karanta, ya sake karantawa, sai ya miƙa hannu ya ɗauki tarho. Sannan ya juyo yana dariya.

"Ikon Allah! Yau na ga na'ura mai amsa laifinta. Ai ta fi wasu manya."

Manomin nan ya warke. Bayan girbi ya aiko wa ofis da damin gero, Malam Lawali ya kai gida aka yi mana fura, muka sha har da Sista Rahila, wadda ta ci gaba da amfani da kwamfutarta.

Abin da na ɗauka daga aikin nan shi ne, gazawa ba abin kunya ba ce ga na'ura, wuta za ta ɗauke, layi zai yanke. Abin kunya shi ne ta gaza ta ɓoye. Duk saƙon kuskuren da za ku rubuta, akwai mutum a can ƙarshen layi, watakila da mara lafiya a gabansa, kuma da maganarku zai yanke shawara. Ku gaya masa daga ina matsalar take, ku gaya masa abin da zai yi yanzu. In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba. Kada ku ce babu.