Zangarniyar Baffa Haruna

Har na bar aiki ban taɓa mantawa da ranar da na fassara wa manoma kalma ɗaya ta Turanci ba. Lokacin ina mataimakin mufattish, wato jami'in gona mai kula da filayen ban-ruwa, a wani maktab, ofishin gona ke nan, na babban gandun noman Jazira.

Ga waɗanda ba su san tsarin ba: kowane manomi yana da hawasha, gonar da aka yanka masa. Hawashoshi suna jere a bakin ƙaramar tur'a ɗaya, wato magudanar ban-ruwa, ruwa ya fara da na kai, ya ƙare a na wutsiya. A da, jere guda amfani guda ake shukawa, rana guda, a sha ruwa bi da bi.

Sai takarda ta zo, Larabci da Turanci, cewa daga bana manomi free yake wajen zaɓen abin da zai shuka. Mufattish ya ce, “Musa, kai ne mai Hausa, je ka bayyana wa mutanenka.”

Ni kuwa a lokacin ina ji da ɗan Turancina. Na tara su a rumfar masallaci bayan la'asar, na ce free na nufin an sake ka, babu takunkumi, babu mai tsaya maka a kai. Na kawo misali da akuyar da aka kwance wa igiya. Samari suka yi ta murna.

Baffa Haruna, dattijon da hawasharsa ce ta ƙarshe a wutsiyar tur'a, ya ɗaga hannu.

“Ɗana, in kowa ya shuka abin da ya ga dama ranar da ya ga dama, wa zai ce wa na kai ya bar ruwa ya iso ni?”

Na ce, “Baffa, wannan ba ya cikin takarda.” Har da ɗan murmushi na faɗa, kuma murmushin nan yana cina har yau.

Na kai suka zuba albasa da tumatir, masu neman ruwa kusan kullum. Ba mugunta suka yi ba, abin da na gaya musu suka bi. Baffa ya shuka dawarsa kamar kowace shekara, ita ce abincin gidansa. Ruwan sama ya ɗauke da wuri. Lokacin da dawa ta fara fitar da kai, tur'a ba ta kai masa komai sai laka.

Wata safiya ya shigo maktab, ya ajiye busasshiyar zangarniya a kan teburina, babu ƙwaya ko ɗaya. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

“Malam Musa, ni ma an sake ni ɗin,” ya ce. “Ga abin da na samu.”

Kunya ta rufe ni. A makon muka zauna da samad, shugaban manoman jeren, manoman suka raba kwanakin ruwa da bakinsu, na wutsiya ne farko. Rabon ya yi amfani a shekarar da ta biyo, amma dawar Baffa ta wannan shekarar ta riga ta tafi. Akuyoyinsa ya sayar ya ci da iyali.

Fassarata daidai take, ko a ƙamus haka za ku gani. Abin da ban sani ba shi ne, a kan tur'a ɗaya ba a sakin mutum ɗaya ba tare da an ɗaure wani ba. Don haka ku da kuke kama aiki yanzu, in takarda ta zo, ku je wutsiya ku fara karanta ta a can.