Malamar da Ba Ta Taɓa Riƙe Alli Ba

Ƙarfe bakwai da rabi za ka same ta a ɗan ɗakin nan da ke tsakanin wurin karɓar magani da ƙofar fita daga asibiti. Tebur ɗaya, kujera biyu, cokali, kofi, da wata 'yar tsanar roba da ta sha allura har ta gode Allah. Duk wanda ya karɓi magani sai ya bi ta gabanta. Ta yi masa bayani a tsanake, sannan ta naɗe hannu ta ce, "To, maimaita min." Shekara talatin da biyu ana haka, har sunanta na yanka ya ɓace. Anti Maimaita kowa yake ce mata.

Fannin koyarwa ta karanta a jami'a. Ranar da ta gama, Inna, mahaifiyarta, ta sayo kwalin alli ta ajiye mata. Sai ga 'ya ta ce a asibiti za ta yi aiki.

"Likita kika zama ban sani ba?"

"A'a, Inna. Marasa lafiya zan riƙa koya wa yadda ake shan magani."

"Ikon Allah! Shan maganin ma sai an je jami'a? Ba baki ake buɗewa ba?"

Tun daga ranar, duk maƙwabciyar da ta tambaya, sai Inna ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Tana nan, ba ta samu aji ba tukuna. A taya mu da addu'a." Anti takan yi dariya a gaban mutane, amma wallahi abin yana ci mata rai. Sau biyu ana ba ta lambar yabo, duk suna cikin durowa. Kalma ɗaya take jira daga bakin tsohuwa.

Anti ba ta taɓa ce wa mutum "ka gane?" ba. A cewarta, ɗan Adam ko bai ji komai ba "na gane" zai ce, don kada a raina shi. Wani direban babbar mota mai ciwon asma ya taɓa zuwa da maganin nan na shaƙa, yana huci.

"Haba Anti, wata shida ina amfani da shi, ni za a koya wa?"

"Nuna min."

Gogan naka ya ɗaga hannu, ya fesa a hammata dama da hagu, ya ƙara da gaban riga, kamar mai shirin zuwa zance. Ko gezau ba ta yi ba. Ta nuna masa, ya gwada sau uku, ya tafi. Masu shara sun shaida sai da ya yi nisa ta kulle ƙofa ta yi dariya har da hawaye. Yau mutumin yana hawa bene ba ya tsayawa a rabi.

Babban likita ma bai tsira ba. Ya gama zuba wa wata tsohuwa Turanci, tana ta gyaɗa kai, sai Anti ta ce, "Ranka ya daɗe, maimaita mata, yadda za ka faɗa wa kakarka." Ya yi gumi, amma ya maimaita. Mijin Anti kuwa ya ce ko sabulu ta ce ya sayo, sai ya ba da hadda a bakin ƙofa.

Ke ce mai haƙurin da ba ya ƙarewa, Anti. Ba ki taɓa kunyata wanda bai sani ba. Jarirai nawa ne suka rayu saboda kin sa uwa ta auna cokali a gabanki? Allah kaɗai ya san adadinsu.

Makon jiya aka yi taron sallamarta. Aka turo Inna a keken guragu, ga tsohon kwalin alli a cinyarta, wai tunda an bar asibiti ƙila yanzu a samu aji. Mai gabatarwa ya ce duk wanda Anti ta taɓa sa shi ya maimaita ya miƙe. Ɗakin taro kaf ya tashi, har babban likita, har direba yana ɗaga maganinsa sama.

"Waɗannan duk su waye?" in ji Inna.

"Ɗalibanta ne, Inna," in ji direba.

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsu. Ta dubi kwalin, ta ce a hankali, "Ashe ajin naki ne ya fi ƙarfin alli, Malama."

Anti ta durƙusa a gaban keken, idonta ya cika da ƙwalla. "Inna, me kika ce?"

"Kin ji ni sarai, ja'ira."

"Maimaita min."

Ta kuwa maimaita, da ƙarfi, har na bayan ɗaki suka ji.

Mun gode, Malama. Allah ya saka da alheri, ya ba ki lafiyar cin hutu. Ku kuma masu karatun koyarwa da ake yi wa gorin ba ku samu aji ba, ku duba asibiti, ku duba ma'aikata, ku duba tasha: duk inda aka ce "na gane" da sauri, akwai aikinku a wurin. Ba zan tambaye ku ko kun gane ba. Ku maimaita min.