Gahawar Ango

Ko na tsufa tukuf ba zan manta ranar da na je neman aure gidan Turkawa a unguwar Brooklyn da ke Amurka ba. Akwai wani yaro Ba'amurke, maƙwabcina a unguwar Bronx, maraya ne, Baba yake kirana, ni ma ina jinsa kamar ɗan cikina. Ya haɗu da wata Baturkiya a wurin aiki, soyayya ta kama su, sai ya roƙe ni in tsaya masa a matsayin uba. Mahaifinta kuwa bai gama yarda da shi ba.

Na ɗauki abin da zafi. Muna tafe a tasi ɗina ina ta yi masa huɗuba irin ta gida: "Ka sunkuyar da kai. Kome aka kawo kada ka taɓa, ba a ci ba a sha a gaban surukai." Ya ce, "To, Baba." Da ma na yi shiru da bakina.

Muna zama yarinyar ta shigo da gahawa, ta ba kowa, ta ajiye masa nasa kofin a ƙarshe. Duk aka zuba masa ido. Yaro ya bi umarnina, ko motsi. Uban ya haɗe fuska, idon yarinya ya ciko da hawaye. Da na ga abin zai lalace, sai na ɗauki kofin nasa na kwankwaɗe, wai in fitar da shi kunya.

Gishiri ne zalla! Na haɗiye da ƙyar, ido na ruwa, ina cewa, "Masha Allah."

Uwar ce ta fara fashewa da dariya. Ta ce, "Alhaji, a wurinmu wanda ya shanye kofin gishiri bai ɓata fuska ba, shi ne mai son 'yarmu. To, kai za mu ba?"

Na yi musu bayanin kunyar surukai, gumi na keto mini. Uban ya kalli yaron ya ce, "Ashe ladabi ne ya hana shi." Ya dubi 'yarsa: "Kawo masa wani." Ta kawo, yaro ya shanye yana murmushi, a wurin aka ba shi ita.

Da kyakkyawar niyyata na kusa raba masoya. Tun daga ranar na daina ɗaukar ladabin garinmu a matsayin na duniya duka, kuma ba na koya wa kowa shiga gidan mutane sai na fara tambayar masu gidan.