Ƙeyar Hamma a Farin Ƙyalle

Har yau in ana gardamar wanne ya fi, fim ɗin ko na talabijin, tashi nake in ba su wuri. Wasan dai ɗaya ne, tsohon wasan dandamalin nan na birnin da aka yi wa ƙawanya har ya faɗi. Yayana, da muke ce wa Hamma, shi ne manzon da ke zuwa ya gaya wa sarki an ci gari. Tun yana makaranta a Yola yake wannan fitowar, kuma shi aka ɗauka a duka biyun.

Dada, mahaifiyarmu, ba ta taɓa kallo ba. Ɗan fari ne, ita kuwa Bafillatanar cikin gari ce, ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, balle ta zauna cikin jama'a ana tafa masa. In an fara ba ta labarin wasan sai ta ce tukunyarta na ƙonewa. Zazzaɓi ya ɗauke shi a shekarar da aka ce mun zama Jihar Arewa maso Gabas, bai bar ko hoto ɗaya a gidan ba.

Bayan shekara biyu yanar ido ta fara rufe mata gani. Wata safiya ina shirin fita aiki ta ce, "Wannan da kun ce yana cikin akwati, ina so in gani kafin idon ya tafi." Ba ta taɓa roƙona komai ba sai ranar.

Na talabijin sau ɗaya na gan shi, a garin da aka tura ni kwas. Abin dariya ne wajen kaya: ganuwar kwali ce, in sarki ya jingina sai ta yi rawa. Amma ba su yanke wa manzo ko kalma ba, kuma fuskarsa aka nuna tun daga farko har ƙarshe, har da tsagar goshinsa. Tef ɗinsa na tafi nema. Kwana biyu a bayan babbar mota, kwana uku a bakin ƙofar gidan talabijin, kafin mai kula da sito ya ce min an goge tef ɗin tuni, an ɗauki wani shirin a kai. Na riƙe hannunsa ina cewa ya ƙara dubawa, har ya ji kunya ya sunkuyar da kai.

Saura fim, wanda kowa ke yabo. Ganuwa ta gaske, mayaƙa birjik, wuta tana ci. Ni kuwa haushinsa nake ji, don sarki suka bi da kyamara. Manzo ya shigo ya durƙusa, ƙeyarsa kawai ake gani, ya faɗi magana biyu, shi ke nan.

Da majigi ya kawo shi wani fili a Limawa, na ɗauko Dada daga Yola zuwa Jimeta. Bayan magariba aka ɗaure farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu, na shimfiɗa mata tabarma gaba-gaba saboda idon. Ban gaya mata ƙeya ce kawai ba, na kasa.

Yana durƙusawa ta gane shi, tun kafin in taɓa ta.

"Shi ne. Ka ce ya juyo."

"Ba ya juyowa, Dada."

Ta miƙe da sauri, matar da sai an riƙe ta take tsallake kwata, ta ratsa mutane ana ce mata ta zauna, ta zagaya bayan ƙyallen. Tunda daga nan baya ya ba ta, a ganinta daga can fuska ce. Na bi ta da gudu. Hasken yana ratsa ƙyallen, ta can ma ƙeyar ce, sai kuma aka koma kan sarki.

Ta tsaya tana shafa ƙyallen da tafin hannu. A nan, cikin hayaniyar mutane, na ji ta kira shi da sunansa.