Sango Mbella da Gadin Takalma

Duk wanda ya saba sammako a bakin kogin Wuri, ta ɓangaren Bonaberi, ya san muryar Sango Mbella tun kafin ya san fuskarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kunnensa ɗaya ya mutu saboda shekarun da ya yi yana nutso a kogi yana ɗebo yashi. Da ƙarfi ya fara ja baya sai ya bar wa samari yashi, ya koma koya wa 'yan matan wata sakandare tuƙin kwalekwalen tsere. Sababbin hannu yake karɓa, waɗanda ba su san gaban filafili da bayansa ba. In sun ƙware ya miƙa su gaba, ya kwaso wasu. Matarsa Nyango Sike takan ce, "Mijina ɗanyen kaya yake so. Abu in ya nuna, ba ruwansa da shi."

Faɗa kuwa kamar ya ari baki. "Ke Kwedi, tuƙi kike ko miyar ndole kike motsawa? Ku soke shi tare! Kogin nan ba surukarku ba ce da za ku ji kunyarsa!" Amma ana fitowa zai ja su wurin mai suya, ya cika musu ciki da makala, wato fanken garin, da wake, yana ci gaba da mita.

Abu ɗaya ne kowa ya shaide shi da shi: bai taɓa barin yarinya a gaɓa ranar tsere ba. Dalilin kuwa tsoho ne. Yana ɗan saurayi ya yi damina guda yana horo da kwalekwalen unguwarsu, har tafin hannunsa ya yi kanta. Da safiyar tsere, ya ɗaga ƙafa zai shiga kenan, shugaban matuƙa ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mbella, kai tsaya ka kula mana da takalma." Ya zauna cikin tulin silifas yana jin ganga tana nisa. Da yamma kowa ya koma gida jiƙe, shi kaɗai rigarsa a bushe. Uwarsa ta dubi rigar ta kau da kai, kuma kallon nan ya fi masa ciwo. Ya yi furfura, amma har yanzu in aka tara takalma a gaɓa sai ya kau da kai, ya bar wa matarsa gadi.

To, sai ga shekarar da Allah ya haɗa shi da Endale. Doguwa ce, mai ƙarfi kamar namiji, ba ta fashi, ba ta musu. Sai dai duk sanda filafilai suka shiga ruwa, nata yana sama, in sun fito kuma sannan nata zai shiga. Ido take zuba wa bayan ta gabanta, tana jira ta ga ta motsa, kafin ta yanke shawara an wuce ta. Ya mai da ita tsakiya, ya mai da ita baya, ya sauya mata hannu, duk a banza. Filafilinta ya fasa wa wata leɓe, sau biyu kuma ta kifar da su.

Da gasar makarantu ta matso, Kwedi, wadda ke zama a gaba, ta tare shi da sauran a bayanta.

"Sango, mu fa ba ƙinta muke ba. Amma gara mu tafi da gurbi a buɗe da mu tafi da ita. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"To in yi yaya da ita?"

"Ta zo mana. Ai ana bukatar mai tsaron takalma."

Bai zage su ba, abin da ya ba su tsoro ke nan. Ya san gaskiya suka faɗa, su ma sun sha wuya, kuma ba daidai ba ne mutum ɗaya ta zubar musu da wahala. Ranar Asabar ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya nufi gidan su Endale, yana ta juya yadda zai faɗa mata.

Tun daga bakin lungu ya fara jin daka. Uwar yarinyar miyondo take sayarwa, wani tuwon rogo da ake naɗewa a ganye, kullum akwai jiƙaƙƙen rogo a turmi. Dakan na sauka daidai, ba gaggawa ba jinkiri, har ya lura ƙafafunsa sun daina tafiyarsu sun koma bin taɓarya. Wasu yara ma na tsalle a kan sautin. Ya leƙa, sai ga Endale ita kaɗai a kan turmi, hankalinta na can wani wuri, ba ta kallon bayan kowa. Ya daɗe a tsaye.

Ta hango shi, ta ga rigar coci, ta gane. Ta jingine taɓarya, idonta ya kawo ruwa.

"Sango, ba sai ka faɗa ba. Na sani."

"Me kika sani, sarkin sani? Ɗauki taɓaryarki ki ci gaba, ban ce ki tsaya ba. Jibi gaba za ki zauna."

"Gaba? Wa zan bi?"

"Ba kowa, 'yata. Su za su bi ki."

Kwedi ta yi kwana biyu tana cika tana batsewa, Sango kuwa ya ƙyale ta, ya zaunar da ita daf da bayan Endale. Ranar farko kwalekwalen ya yi ta rawa, don ba wadda ta yarda ta bi. A rana ta uku Sango ya karkata kunnensa mai ji daga gaɓa, ya ji ruwa na tsagewa da sauti ɗaya. Kwedi ce da kanta ta ɗaga murya, "Daka, Endale, daka! Rogon nan bai yi laushi ba!"

Ranar gasa ba a yarda babba ya shiga jirgi ba. 'Yan mata suka tuɓe silifas suka tara, Nyango Sike ta matso kamar yadda ta saba, sai ya riƙe hannunta.

"Bari. Na san aikin."

Ta dube shi, ta ja da baya, ta sa gefen zani ta share ido.

Na uku suka zo, kuma gaskiya da ƙyar. Amma ihun da suka fito da shi sai ka ce su suka ɗauki kofi. Kowa ta zura takalminta, Endale ta duba tulin ba nata. Ashe suna hannun Sango, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Tun tashin tsere yake tuƙa iska da su bai sani ba, har igiyar ɗaya ta tsinke.

"Haba Sango! Wane irin mai gadi ne kai?"

Ya yi dariya har hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. "Na banza ne, 'yata. Tun farko ma waɗanda suka sa ni gadi ina saurayi ba su iya zaɓe ba."

Ya cusa silifas ɗin a aljihu ya ce zai ɗinke. Sannan ya tsaya yana kallonta tana hawa tudu ba takalmi, Kwedi rataye a wuyanta, rigarta jiƙe sharkaf tana ɗiga ruwa har ta shige lungu.