Karantarwa a Gidan Baba Sule, Birnin Bahiya

Daga Itapagipe

Na bar Itapagipe, wani ƙauyen masunta kusa da birnin Bahiya, bayan sallar asuba, gari bai waye ba. A wannan bakin ruwa na yi shekaru ina ja wa wani Bature komar kamun kifi, tun da aka kama ni a yaƙi a ƙasar Zazzau aka ƙetaro da ni teku, har Allah ya sa na fanshi kaina. Kayana ƙunshi ɗaya ne: riga biyu, buta, da takardar 'yanci ɗaure a ƙuguna. Baba Sule, wani tela Bakatsine da ke cikin birni, shi ya aiko a kira ni. Malaminsu ya rasu, aka kuwa gaya masa na sauke Alƙur'ani kafin a kama ni.

Kwalekwalen masu kai kifi na shiga. Da muka yi nisa, matuƙin, wani Bayarabe, ya dube ni.

"Malam, in akwai rubutu a jikinka, ba ruwa tun nan."

"Babu."

"Wannan na wuyanka fa?"

Na cire layar, na yi bisimilla, na sake ta a ruwa. 'Yan shekaru kafin nan Musulmi suka yi tawaye cikin azumi, aka kashe da dama. Tun daga lokacin, baƙar fatar da aka gani da baƙin Larabci ya shiga uku.

Tashar jirage

Da hantsi muka iso. Ko'ina buhunan sukari ne da damin taba, ga 'yan dako suna waƙa da Yarbanci. Masu sintiri suka tsayar da ni, suka duba takarda, suka kira ni da sunan da aka laƙaba mini a coci, Antoniyo. Na amsa, suka ce in wuce.

Garin hawa biyu ne: kasuwa a ƙasa, gidajen manya a bisa tudu. Turawa ba sa hawa da ƙafa, a kujera mai labule mutum biyu ke ɗaukar su. Ina tsakiyar hawa na tsaya ina haki, na ce, "Wash, Allah!" Wani dogon mutum da ke saukowa da kujera fanko ya juyo.

"Sannu, ɗan'uwa. Kai ne malamin Baba Sule?"

Tanko ke nan, Bagobiri. Bawa ne har lokacin, yana dako yana kai wa ubangidansa abin da ya samu. Shi ya nuna mini gidan.

Masauki

Ɗakin ƙasa ne a ƙarƙashin benen wani Bature, taga ɗaya daidai da ƙafafun masu wucewa. Aka ba ni tabarma a bayan labule. Matar Baba Sule, Inna Rakiya, ƙosai take soyawa da manja a filin gidan wasan kwaikwayo, kuma Turawa ma suna aiko bayi su saya. Abincinmu garin rogo ne da wake da busasshen nama. Ta gargaɗe ni kada in ci wake a waje, don da kitsen alade suke dafa shi. Lokutan salla kuwa da ƙararrawar coci na koyi gane su.

Karatu

Na tambayi alluna. Baba Sule ya yi dariya.

"Allo? Malam, so kake a rufe mu duka?"

Ya ɗauko faifai, ya baza garin rogo a kai. Da yatsa nake rubuta baƙi, a karanta, in share. Ɗalibaina duk magidanta ne: 'yan dako, wanzami, magina. Sukan zo ɗai-ɗai bayan la'asar, ran Lahadi kuma su taru kamar masu jiran ɗinki. Yawancinsu Yarabawa ne, dole na gyara Yarbancina, in na yi kuskure su yi ta dariya su gyara mini.

Tanko ne ya fi kowa shan wuya. Yakan zo kafaɗunsa a kumbure, mu yi aya ɗaya sau da yawa, gobe ta gudu. Wata rana na ce ya huta sai mako mai zuwa. Ya ce, "Malam, ni ba malanta nake nema ba. Tun ina yaro aka ɗauko ni. So nake in na tsaya gaban Ubangiji ya zama ina da abin faɗa." Ban sake cewa ya huta ba. Da azumi ya zagayo karo na biyu, yana da Fatiha da 'yan gajerun surori.

Ranar bincike

Ana gab da ƙaramar salla, Baba Sule ya ɗinka wa Tanko farar riga. Irin ta 'yan tawaye suka sa, don haka hukuma ta tsane ta. Wata Lahadi da hantsi muna kan faifai aka buga ƙofa da gindin bindiga. Inna Rakiya ta sheƙa ruwa a garin, ta hau kwaɓawa. Masu sintiri suka shigo, suka birkita ɗakin, babu rubutu, amma suka zaro rigar daga ƙarƙashin yadudduka.

"Ta wane ce?" in ji babbansu da harshen Fotugis.

Na san hukuncin: bawa bulala ce wadda ba kowa ke tashi bayanta ba, mai 'yanci kuwa kora ce daga ƙasar. Tanko ya motsa zai yi magana, na riga shi.

"Tawa ce."

Ya gwada ta a jikina, tana jan ƙasa. Ya yi dariya, amma ya ce a tafi da ni.

Aka rufe ni a kurkukun da ke ƙarƙashin gidan hukuma. Inna Rakiya ba ta fasa kawo abinci ba ko sau ɗaya. Da aka kai ni gaban alƙali, ya ce in bar ƙasar a jirgin farko mai zuwa Afirka. Tanko ne ya ɗauko mini ƙunshina zuwa tasha.

"Malam, wa zai ci gaba da mu?"

"Kai."

"Ni? Sura nawa na iya?"

"Wanda zai zo wurinka bai iya ko ɗaya ba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "To." Sojan da ke rakiyata ya tura ni gaba.

Komawa

Jirgin taba ne mai zuwa Ikko, a bakin tekun ƙasar Yarabawa. Wannan karon a sama na zauna, ba a cikin rami da sarƙa ba. Ruwan sha ya yi tsutsa kafin mu ga tudu, amma duk mun sauka da rai. Na yi damina ɗaya a Ikko ina ɗinki, na bi fatake zuwa Ilori, muka ƙetare kogin Kwara, har ƙasar Zazzau.

Da yamma na shiga ƙauyenmu. Iyayena duka sun rasu. Ƙanwata Hassu, da na bari ana goyo, ta fito da jika a baya. Ta daɗe tana duban tsagar fuskata, sannan ta ce, "Yaya Habu?" ta zauna a ƙasa tana kuka.

Da magariba dattawa suka tura ni gaba. Na tayar da kabbara, na yi karatu kamar yadda na saba. Bayan sallama wani tsoho ya taɓa kafaɗata.

"Malam, ba mu ji komai ba. Wa kake tsoro?"

Sai a lokacin na lura raɗa nake yi, irin ta ɗakin Baba Sule. Da isha na ɗaga murya, har sahun baya suka ce amin.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni. Allah ya saka wa Baba Sule da Inna Rakiya da alheri. Wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Malam Tanko da ɗalibansa a addu'a.