A Kira Bahago

A bakin kakata, Iya Batulu, na fara jin sunansa. Ina 'yar shekara bakwai ko takwas, cikin damina, aka wuni ana ruwa, indararon ɗakinta ya toshe, sai ga ruwa yana bin azara yana ɗiga a kan gadonta. Mahaifina ya fito ya tsaya yana kallon rufin. Ƙaninsa, Baba Sabo, ya ce a nemo tsani. Iya ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ce, "Ku bar mini ɗakina kada ku ƙarasa shi. A kira Bahago."

Ni aka aika. Aka ce in bi lungun da ke fita Ƙofar Doka, kafin in kai zan ga dakali a jikin wani ƙaramin masallaci, wanda duk na gani zaune da buhu a gefensa, shi ne. Na same shi kuwa, siriri, doguwar fuska, ya naɗe ƙafar wando.

"'Yar gidan wa?"

"Gidan Malam Shehu. Iya ce ta ce ka zo."

"Ke wa ye sunanki?"

"Rahmatu."

Sai ya miƙe da sauri yana kakkaɓe riga. "A'a! Ashe uwata ce ta zo da kanta. Wa ya isa ya ƙi kiran uwarsa?" Sunan mahaifiyarsa ke nan. Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

Sunansa na yanka Aƙilu, amma da hagu yake komai in ban da cin abinci, don haka Bahago ya bi shi. Ba magini ba ne, ba kafinta ba ne, ba maƙeri ba, amma duk abin da ya yi wa waɗannan ƙanƙanta, nasa ne. Ya yaɓe katanga in ruwa ya zaizaye ta, ya ɗinke ƙwaryar da ta tsage, ya liƙe langa da dalma, ya shiga rijiya ya yashe ta, ya gyara ƙyauren da ya ƙi rufuwa. Babban aikinsa kuwa ƙodar dutsen niƙa. In dutse ya yi santsi ya daina cin hatsi, shi zai zauna da 'yar gudumarsa yana sassara fuskar a hankali har kaushinsa ya dawo. A lokacin babu gidan da ba shi da dutse, don haka babu gidan da ba ya neman Bahago.

Shi kaɗai ne namijin da ba jininmu ba da yake wuce zaure ya shiga cikin gida. Zai tsaya ya yi sallama, ya ce, "Bahago ne," mata su ja mayafi, kowace ta ci gaba da abin da take yi. Iya ta ce haka ubansa ya shiga gidan nan tun zamanin surukinta. Ba a ciniki da shi. In ya gama a ba shi tuwo da abin da ya sauwaƙa, da kaka a aika masa da damin dawa, da salla a yanka masa yadi. Wannan amana kuwa tana da sharaɗi guda, wanda ya gada daga ubansa: ba ya bin gidaje neman aiki. Yakan ce, "Wanda ake bari ya shiga wurin matan mutane, ba shi zai kai kansa ba. Kiransa ake yi." Shi ya sa yake zama a dakalin nan tun hantsi.

Abin da ya fi ba ni mamaki ina yarinya shi ne yadda yake gane ciwon abu. Ba ya tambaya, ba ya ma cika dubawa. Tafin hannunsa na hagu yake ɗorawa. In innata ta ce dutsenta ba ya ci, zai durƙusa ya dafa gefen dutsen ya ce, "Ci gaba da niƙanki, kada ki tsaya. In kin tsaya ba zai gaya mini komai ba." Tana niƙa, shi ya rufe ido, can ya nuna da yatsa, "Nan ne ya mutu." Haka yake yi wa ƙyaure, sai an yi ta buɗewa ana rufewa hannunsa yana jiki. Haka turmi, sai ana daka.

A shekarar 1986 Baba Sabo ya sayo injin niƙa, ya kafa shi a shagon da ke jikin zaurenmu. Ba zan ɓoye ba, mun yi murna. Na san kantar da ke hannun innata, na san yadda take miƙewa daga gaban dutse tana dafe da ƙugu. Abin da take yi tun safe har rana ta take, injin ya yi shi kafin a gama gaisawa. Kafin shekara ta zagayo, duwatsun unguwarmu an kifa su a bakin rijiya ana goge kaushin ƙafa da su. Bayan wannan sai abubuwa suka yi ta zuwa kamar sun yi shawara. Roba ta cika kasuwa, wadda in ta fashe sai dai a jefar. Aka kawo injin buga bulo a bayan ganuwa, duk wanda ya samu sarari ya rushe ginin ƙasa ya ɗora kwano. Aka ja famfo har bakin lungu. Matar Bahago, Kande, wadda take surfe ana biyanta, ita ma injin ya karɓe nata.

Babu wanda ya kori Bahago. Babu wanda ya yi masa ko da kallon banza. Aike ne kawai ya yi ta raguwa, shi kuma ba zai tashi daga dakali ya je ya tambayi dalili ba.

Wani hutu da na dawo daga makarantar kwana, na tsaya gaishe shi.

"Uwata 'yar boko! Me aka koya muku bana? Ko har yanzu sai cin wake?"

Da ɗokina na ba shi labarin da malaminmu na kimiyya ya ba mu, cewa a ƙasashen Turawa akwai masana'antar da inji ke harhaɗa mota shi kaɗai, ya ɗaure noti, ya yi fenti, ba ya gajiya.

Ya juya 'yar gudumarsa a hannu. "To masu hannun fa, ina aka kai su?"

"An ce suna koyon wani aikin."

"Har tsofaffin?"

Malaminmu bai kai nan ba. Ya yi dariya ya ce, "Bar shi, Uwata. In kin koma ki tambayo mini."

Iya Batulu ce ta riƙe shi a shekarun nan. Ta rantse ba za ta sha kunun da ƙarfe ya niƙa ba, wai ƙaurin mai take ji. Ta ajiye dutsenta guda, bini-bini ta ce ya yi santsi, a kira Bahago. Mun san dutsen lafiyarsa lau. Shi ma ya sani, hannunsa ba ya yi masa ƙarya. Amma zai zauna ya ƙoda shi a tsanake, suna tsokanar juna, tana ce masa raggon maza, yana ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Da ta rasu a 1989, shi ya gyara makarar masallaci da aka ɗauke ta a ciki. Daga nan sai a yi wata ba a ji an ce a kira shi ba, a gidanmu ko a wani gidan.

Baba Sabo ne ya tausaya masa. Ya aika aka kira shi, kuma don an aika ɗin ne ya zo. Ina zaure ina shara na ji su.

"Malam Bahago, zaman dakalin nan ya isa haka. Zo ka kama mini injin nan."

"Alhaji, abin da ya cinye ni za ka ba ni kiwo?"

"Ai shi ma lalacewa yake yi. Duk abin da ke lalacewa yana neman irinka. Abu ɗaya kawai, in ya yi gardama ka kashe shi tukuna, ka jira makaniki daga Sabon Gari. Kada ka taɓa shi yana tafiya."

"Na ji."

Ya kama aikin da gaskiya. Ya koyi tayar da shi, ya koyi zuba mai, yakan fito da yamma fari fat da gari har gira, mata suna ce masa ango. Amma ya taɓa ce mini, "Uwata, duk abin da na taɓa a duniya ya san ni. Wannan bai san kowa ba."

Ana jajiberin babbar salla ta 1991, ni kuma na gama sakandare ina gida, kwanukan niƙa sun yi layi har waje. Da hantsi sai ƙarar injin ta sauya, ya fara wani irin kuka yana girgiza. Aka ce makaniki ya tafi garinsu salla. Waɗanda ke wurin sun ce Bahago ya tsaya yana saurare, ya dubi kwanukan mutane, ya dubi injin. Bai manta da gargaɗin Baba Sabo ba, ni na tabbata. Amma mutumin da ya fi shekara talatin yana ce wa mata kada su tsaya, ta yaya zai yarda abu a kashe zai gaya masa ciwonsa? Ya durƙusa kamar yadda yake yi a gaban dutse, ya rufe ido, ya kai tafinsa na hagu.

Daga cikin gida ihun mata muka ji, ba nasa ba. Da na fito yana zaune a ƙasa, ya naɗe hannun da hularsa, garin da ke jikinsa ya zama ja. Abin da yake faɗi kawai, "Innalillahi. Ku kwashe niƙan mutane kada ya ɓaci." Bel ɗin injin ya tafi da yatsunsa na tsakiya, ya bar masa babba da ƙarami.

Baba Sabo ya yi abin da ya kamata. Ya kai shi asibiti, ya ɗauki nauyin magani, ya ci gaba da aika hatsi. Bayan salla makaniki ya dawo, ya sauya wani ɗan ƙarfe, injin ya ci gaba da aiki. Har yau yana nan, ina jin ƙararsa duk ranar da na je gida.

Da ya warke ya koma dakali da buhunsa. Ya gwada aiki da hannun dama, amma damarsa kamar ta wani ce, in ya kai guduma sai ta sauka inda bai nufa ba. Mutane suka shiga ajiye masa abin sadaka in sun fito salla. Da farko yakan bi mutum ya mayar masa, ya ce, "Me na gyara maka?" Daga baya ya daina mayarwa. Kande ta ce mini ranar da ya fara shigowa da irin wannan, bai ci tuwo ba.

Ya rasu da daminar 1995. Ƙannena da suka taso yanzu ba su san shi ba, sun dai san akwai wani tsoho mai guntun hannu da ya taɓa zama a bakin masallaci. Don su na zauna na rubuta wannan.

Ganina da shi na ƙarshe, saura 'yan kwanaki bikina, na kai musu goro da alewa. Ƙafa ta riga ta hana shi zuwa dakali. Na same shi a zauren gidansa, buhun yana gefensa, bakinsa a ɗaure tsaf.

"Na bar sallahu a masallaci," ya ce, "ko da wani zai aiko, a ce ina gida. To, Uwata za ta bar ni maraya. Ina za a kai ki?"

"Samaru, Baba. Gidan ma'aikata."

"Na siminti."

"Na siminti."

"Me aka zuba miki a ɗaki? Akwai dutse?"

Na ce babu. Ya ce ƙwarya fa? Na ce sai guda biyu na ado. Na lissafa masa robobi, da risho, da ɗan injin markaɗe mai lantarki da wata ƙawar innata ta kawo gudummawa. Yana ji yana gyaɗa kai, har da murmushi, yana cewa Allah ya sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya. Na tashi zan tafi, har na sa takalmi, sai ya kira ni. Bai dube ni ba, guntun hannunsa yake kallo, ya ɗora shi a kan buhun.

"Uwata, abu ɗaya nake roƙonki. Duk ranar da wani abu ya lalace a ɗakinki, ko murfin tukunya ne, kada ki yi saurin jefarwa. Ki aiko. Na san ba zan iya ba, ke ma kin sani. Ki dai sa a zo har ƙofar nan, a yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, a ce ana kiran Bahago."